Ɗalibai a Bakin Gadonka: Yadda Ake Koyon Aikin Lafiya a Asibitocin Sakkwato da Yadda Za a Yi wa Kowa Adalci

Idan ka taɓa kwanciya ko jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wato UDUTH, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, babu mamaki ka ga samari da 'yan mata cikin fararen kaya suna biye da babban likita daga gado zuwa gado. Wasu na rubutu, wasu na yi maka tambayoyi, wasu na awon jini ko zafin jiki. Da yawansu ɗalibai ne. Wannan bayani zai sanar da kai ko su wane ne, abin da aka yarda su yi da wanda ba a yarda ba, haƙƙinka a gabansu, da kuma irin bambancin da kan hana wasu ɗalibai samun horo mai kyau, wanda a ƙarshe kan mara lafiya yake komawa.

Me ya sa ake kawo ɗalibai asibiti?

Aikin lafiya ba ya koyuwa daga littafi kawai. Ɗalibi zai iya haddace alamomin sanƙarau ko na ciwon zuciya, amma ba zai gane su ba sai ya gan su a jikin mutum, ya taɓa da hannunsa, ya saurari ƙirji da kunnensa, malami na tsaye yana gyara masa. Shi ya sa duk makarantar koyon aikin lafiya ke tura ɗalibanta asibiti na makonni ko watanni, suna zagayawa daga sashe zuwa sashe: na yara, na mata da haihuwa, na tiyata, na cututtukan manya, na ƙwaƙwalwa, da na kiwon lafiyar al'umma.

Likitan da ke duba ka yau haka ya koya, a jikin mutanen da suka yi haƙuri da shi a lokacin da hannunsa bai faɗa ba. Wanda zai duba jikokinka kuwa yana iya kasancewa cikin waɗanda ke tsaye a bakin gadonka.

Su wane ne waɗannan ɗalibai?

An kafa jami'ar Sakkwato a 1975, aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Kwalejinta ta kimiyyar lafiya ce ke yaye likitoci, kuma a UDUTH ɗalibanta ke yawancin horonsu. Bayan ita akwai makarantun koyon jinya da ungozoma, da Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa. Akwai kuma asibitoci na musamman da ɗalibi zai iya koyon abin da ba a cika gani a wani wuri ba, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Asibitin Noma na cikin gari, wanda aka buɗe a 1999 domin yaran da cutar noma ta ci wa fuska.

Ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su:

- Ɗaliban likitanci. Karatunsu shekara 6 ne. Shekarun farko a aji da ɗakin gwaje-gwaje suke, na ƙarshe kuma a asibiti. Ba likitoci ba ne tukuna.
- Ɗaliban jinya da ungozoma. Na makarantar jinya kan yi shekara 3, masu digiri a jami'a kuma shekara 5.
- Ɗaliban kiwon lafiyar al'umma. Su ne za su riƙe ƙananan asibitocin ƙauyuka da unguwanni. Ƙaramin matakin shekara 2 ne, babban shekara 3.
- Ɗaliban haɗa magunguna, na gwajin jini da fitsari, na ɗaukar hoto, da na gashin ƙashi.

Kada ka haɗa waɗannan da sabon likitan da ya gama karatu yake aikin shekara ɗaya na sanin makama a ƙarƙashin manya. Shi likita ne, yana da lasisin wucin gadi. Haka ma likitoci masu neman ƙwarewa a wani fanni, cikakkun likitoci ne. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya ce ke sa ido kan horon likitoci, Hukumar Jinya da Ungozoma ke kula da nata ɓangaren. Su ne ke tantance makarantu, suna ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka.

Abin da ɗalibi zai iya yi da wanda bai kamata ya yi ba

Da izininka, kuma da sanin malaminsa, ɗalibi zai iya tambayarka tarihin ciwonka, ya duba jikinka, ya yi awon jini da bugun zuciya da zafin jiki, ya taimaka wajen wanke ciwo ko juya mara lafiya. Ayyuka irin su ɗibar jini, allura, sa allurar ƙarin ruwa, sa robar fitsari, ɗinki ko karɓar haihuwa, yana yinsu ne kawai idan an koya masa, kuma ƙwararre na kusa yana kallo.

Ɗalibi ba shi da ikon rubuta maka magani da kansa, ko canza wanda aka rubuta, ko sallamarka, ko karɓar sa hannunka na amincewa da tiyata. Bai kamata ya zama shi ne zai faɗa maka sakamakon gwaji mai nauyi kamar na ciwon daji ko cuta mai karya garkuwar jiki ba. Ba ya karɓar kuɗi a hannunka. Ba ya ɗaukar hotonka, ko na ciwonka, ko na katinka a wayarsa ba tare da ka yarda ba, balle ya tura a WhatsApp ko Facebook.

Haƙƙinka a gaban ɗalibai

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa a sanar da mara lafiya halin da yake ciki cikin harshen da yake ji, a kuma riƙe sirrinsa. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya, wanda ya ƙara jaddada waɗannan. Dangane da ɗalibai, ka riƙe waɗannan abubuwa:

1. Kana da haƙƙin sanin sunan wanda ke duba ka da matsayinsa. Ba laifi ba ne ka ce, "Malam, kai likita ne ko ɗalibi?"
2. Sai an nemi izininka kafin ɗalibi ya taɓa ka. Zuwanka asibitin koyarwa ba ya nufin ka amince da komai.
3. Kana iya cewa a'a, kuma hakan bai kamata ya rage kulawar da za a ba ka ba.
4. Kana iya yarda da wani abu ka ƙi wani. Misali, ka yarda a yi maka tambayoyi amma ka ƙi a buɗe jikinka a gaban taro, ko ka yarda da ɗalibi biyu maimakon goma.
5. Kana iya janye izininka a tsakiyar dubawa idan ka gaji ko ka ji zafi.
6. Sirrinka amana ne a wuyan ɗalibi kamar yadda yake a wuyan likita, ko da ɗalibin ɗan unguwarku ne.

Ke kuma 'yar'uwa, idan za a duba al'aurarki ko nononki, kina da haƙƙin a ja labule, a rufe sauran jikinki, a kuma samu wata mace a wurin. Kina iya neman ɗaliba mace, kina iya cewa ba kya son ɗalibi ko ɗaya. Idan za a yi miki tiyata, ki tambaya tun kafin a sa ki barci ko akwai ɗalibin da zai duba ki, domin ba daidai ba ne a yi irin wannan dubawa don koyarwa ba da saninki ba. A Amurka ma sai a 2024 hukumar lafiyarsu ta wajabta wa asibitocin koyarwa samun izini a rubuce kafin yin hakan.

Mene ne horo mai kyau?

Ana gane horon asibiti mai inganci da wasu alamomi. Ɗalibi ya san wanda ke kula da shi da sunansa. An nuna masa sashen tun ranar farko, an faɗa masa abin da ake so ya iya kafin ya bar wurin. Ya gwada aikin a jikin mutum-mutumi kafin ya zo jikin mutum. Yawan ɗalibai bai wuce yawan gadaje da malamai ba. Littafin da ake sa masa hannu a kan ayyukan da ya yi yana nuna gaskiya, ba a cika shi a zaune ba. Ana gyara masa kuskure a gefe, ba a tozarta shi a gaban mara lafiya ba. An yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B, an ba shi safar hannu da takunkumi, ya kuma san inda zai je nan take idan allurar da aka yi amfani da ita ta soke shi.

Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, abu biyu kan faru. Ko dai a bar ɗalibi yana tsaye ba mai kula shi, ko kuma a mayar da shi cikakken ma'aikaci, a bar masa ɗaki da dare ba mai duba aikinsa. Na farko ɓata lokaci ne, na biyu haɗari ne ga mara lafiya da ɗalibin kansa. Ƙaurar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Ingila, Saudiyya da sauran ƙasashe ta ƙara tsananta wannan, domin duk ƙwararren da ya tafi, malami ne ya tafi.

Bambanci a wajen koyo: yadda yake a duniya

A ƙasashen Turai da Amurka an fi maganar bambancin launin fata. Bincike a Birtaniya ya daɗe yana nuna cewa ɗaliban likitanci da likitoci waɗanda ba fararen fata ba, a jimlace, suna samun sakamakon jarrabawa ƙasa da na takwarorinsu farare, kuma ba a samu hujjar cewa ƙwaƙwalwa ce ta bambanta ba. Masana sun fi danganta hakan da yadda ake mu'amala da su a wajen horo: wa malami ke ja a jiki, wa ake ba dama, wa ake yi wa uzuri idan ya yi kuskure. A 2019 hukumar likitocin Birtaniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa asibitoci na kai ƙarar likitocin da ba farare ba kusan ninki biyu na yadda suke kai ƙarar farare. A 2020 ƙungiyar likitocin ƙasar ta fitar da ƙa'idojin yaƙi da cin zarafin launin fata a makarantun likitanci.

Wannan ya shafe mu ta hanya biyu. Da yawa daga cikin waɗanda aka horar a Sakkwato suna aiki ko ƙaro karatu a can. Sannan yawancin littattafai da na'urorin da muke koyarwa da su daga can suka zo.

Littafin Bature, fatar Bahaushe

Hotunan da ke cikin manyan littattafan likitanci galibi na farar fata ne. Littafi zai ce wuri ya yi ja, ko leɓe ya yi shuɗi, ko fuska ta yi fari. A baƙar fata ba haka alamomin ke fita ba, kuma ɗalibin da ya dogara da hoton littafi zai iya wuce ciwo bai gani ba. Wannan ne ya sa wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ɗan asalin Zimbabuwe, tare da malamansa biyu suka fitar da ɗan littafi mai suna Mind the Gap a 2020, mai nuna alamomin cututtuka a baƙar fata.

Ga misalan da kai ma za su amfane ka a gida:

- Shawara: a duba farin ido da dasashi, a cikin hasken rana. Ga jariri, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da zai bayyana.
- Ƙarancin jini: a ja fatar ido ta ƙasa a duba cikinta, a duba tafin hannu, harshe da farce.
- Ƙarancin iska a jini: leɓe da harshe da dasashi kan yi toka-toka ko su dushe.
- Kumburi da ƙwayar cuta a fata: wurin kan ƙara duhu ko ya yi sheƙi, ya yi zafi idan an taɓa, ba lallai ya yi ja ba.
- Ƙurajen ƙyanda: sau da yawa an fi jin su da hannu fiye da ganin launinsu.
- Ɗigon jini na sanƙarau: a nema a tafin hannu, tafin ƙafa, cikin baki da farin ido. Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi, kamar yadda aka gani a 2017. Kada a jira ganin ƙuraje: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya sun isa a garzaya asibiti.
- Gyambon kwanciya: yakan fara da duhun fata da tauri ko ɗumi a ƙugu, ɗuwawu ko diddige.

Na'urori ma haka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna cewa na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ta fi kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Na'urar tana da amfani ƙwarai, amma ana koya wa ɗalibi kada ya dogara da lambarta kaɗai. Lalle mai duhu ko jan farce ma na iya rikita ta. Idan mara lafiyarka na numfashi da ƙyar ko da sauri, ka faɗa wa ma'aikata ko da na'urar ta nuna lamba mai kyau.

Irin bambancin da ke tsakaninmu

A nan gida kusan dukanmu baƙaƙe ne, don haka bambancin kan zo ta wasu ƙofofi: ƙabila, harshe, addini, jinsi, jihar asali da abin hannu. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa ko addininsa. Duk da haka abin kan faru, sau da yawa ba tare da mai yin ya lura ba.

*Harshe.* UDUTH asibitin tarayya ne, ɗalibansa daga ko'ina a Najeriya suke. Ɗalibin da ba ya jin Hausa yakan tsaya a baya, abokinsa na ta samun damar tambayar marasa lafiya. A ɗaya ɓangaren, ɗalibin da ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, wanda Turancinsa bai goge ba, yakan san amsa amma ya kasa faɗa a gaban malami, sai a ɗauka bai iya ba. Ɗalibi Bahaushe kuma wani lokaci akan mayar da shi tafinta, yana fassara wa kowa har lokacin nasa koyon ya wuce. Ko tsakanin masu jin Hausa akwai gyara: Basakkwace na cewa masassara inda Bakano ke cewa zazzaɓi. Kalmomi irin su sanyi, zahi, shawara da daji kuwa kowace na ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Ga kuma marasa lafiya masu jin Fulatanci, Zabarmanci, Dakarci ko Buzanci, daga Kebbi, Zamfara da Jamhuriyar Nijar ta iyakar Illela da Ƙonni.

*Jinsi.* Ɗalibai maza kan sha wahalar samun damar koyon karɓar haihuwa da duba mata, alhali gobe za a iya tura su ƙauyen da su kaɗai ne likita idan mace ta zo da zubar jini. Ɗalibai mata kuma sukan gamu da masu kiransu nas ko da likitanci suke karanta, ko masu cewa a kira musu namiji. Masu aure da masu goyo na fama da aikin dare ba tare da wurin ajiye yaro ba. Akwai kuma neman lalata daga wanda ke da iko a kan sakamakon ɗaliba, wanda laifi ne babba da bai kamata a rufe shi ba.

*Asali da addini.* Kiran ɗalibi da sunan ƙabilarsa maimakon sunansa, ba'a da lafazinsa ko suturarsa, ko ɗan gari da baƙo wajen rabon dama, duk bambanci ne. Haka ma tsara aiki ba tare da la'akari da sallar Juma'a, azumi ko zuwa coci ranar Lahadi ba, alhali da ɗan tsari kowa zai samu.

*Abin hannu.* Kuɗin mota zuwa wurin horo, kayan aiki, littattafai da masauki na kan ɗalibi ne. Ɗan mai hali na da dangi likitoci da za su nuna masa hanya. Ɗan manomi daga Tangaza ko Isa, wanda shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, shi kaɗai yake lalube.

Me ya shafi mara lafiya a ciki?

Ɗalibin da ake tozartawa yakan daina tambaya. Wanda ya daina tambaya yakan ɓoye kuskure, ko ya ga alamar haɗari a jikinka ya yi shiru don tsoron tsawa. Wanda aka hana dama yakan fita da takarda amma hannunsa bai iya ba. Wasu kuma sukan bar karatun gaba ɗaya, kuma idan 'yar ƙauye ta bar makarantar ungozoma, ƙauyensu ne ya rasa mai karɓar haihuwa. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, amma ƙwararru sun fi taruwa a cikin birni. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa wanda ya taso a karkara, ko ya yi horo mai kyau a can, ya fi yiwuwar komawa ya yi aiki a can. A kan wannan tunani aka gudanar da shirin Mata Don Lafiya daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ba 'yan matan karkara karatun share fage domin su samu shiga makarantun jinya da ungozoma.

Sannan ɗalibi na kwaikwayon abin da ya gani. Idan ya ga ana yi wa Bafulatanin daji ko talaka magana da raini, ko ana zargin mai ciwon sikila da son allura alhali azaba ce ke cinsa, haka zai ɗauka aikin yake. Idan ya ga ana gaishe da tsoho, ana neman izini, ana ja wa mace labule, shi ma haka zai tashi.

Abin da makarantu da asibitoci za su iya yi

- A ba kowane ɗalibi malami sananne mai bibiyar ci gabansa, a kuma ware wa malaman lokacin koyarwa.
- A raba dama bisa jadawali a rubuce, domin kada ta zama sai mai baki ko mai uwa a gindin murhu.
- A koyar da Hausar asibiti ga waɗanda ba sa ji, a taimaka wa masu raunin Turanci, a kuma tanadi tafintoci na Fulatanci da Zabarmanci.
- A tara hotunan cututtuka a fatar mutanenmu, da izinin masu su, a riƙa koyarwa da su.
- A yi jarrabawar aiki da ma'auni ɗaya ga kowa, da masu dubawa fiye da ɗaya, a kuma riƙa nazarin sakamako don a ga ko wani rukuni na faɗuwa fiye da kima, a binciki dalili.
- A buɗe hanyar kai ƙara ta sirri wadda ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, a kuma kare mai ƙarar daga ramuwa.
- A faɗaɗa horo zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ƙananan asibitoci, tare da masauki, abin hawa, mai kulawa, da tabbatar da tsaron wurin kafin a tura kowa.
- A riƙa tambayar marasa lafiya da masu jinya yadda ɗalibai suka yi musu.

Gudummawar da kai da iyalinka za ku bayar

Idan jikinka zai iya, ka ba ɗalibi dama. Sau da yawa shi ne ke da lokacin zama ya saurare ka da kyau, kuma abin da ka faɗa masa yana isa ga babban likita. Ka gaya masa gaskiya, har da maganin gargajiya ko na kemis da ka sha. Kada kunya ko jarumta su sa ka ɓoye zafin ciwo.

Idan ba ya jin Hausa sosai, ka yi magana a hankali, ka nuna wurin da hannu, ko ka nemi a kira mai fassara. Ya fi kyau kada a sa ƙaramin yaro ya fassara maganar da ta shafi sirrin iyayensa. Neman mace ta duba mace abu ne da aka sani kuma ana girmama shi gwargwadon hali. Amma ƙin ɗalibi don ƙabilarsa ko addininsa zalunci ne, kuma ka tuna namu 'ya'yan ma suna karatu da aiki a garuruwan wasu. A lokacin gaggawa, kamar zubar jini bayan haihuwa ko jijjiga, kada a jinkirta ceton rai don jiran wani ma'aikaci na daban.

Idan ɗanka ko 'yarka ko matarka ce ɗalibar, ka sani aikin dare da na ƙarshen mako wajibi ne a horon. Ka taimaka da abin hawa da kula da yara, ka tabbatar an yi rigakafin ciwon hanta, ka kuma saurara da kyau idan aka kawo maka kukan cin zarafi.

Yaushe za ka kai ƙara, kuma ina?

Ka yi magana nan take idan ɗalibi na shirin yi maka aiki ba mai kula da shi, ko ya yi yunƙuri sau biyu bai samu jijiya ba yana son ci gaba, ko an duba ka ba izini, ko an ɗauki hotonka, ko an nemi kuɗi a hannunka, ko an fitar da sirrinka. Haka kuma idan ka ga ana wulaƙanta ɗalibi ko wani mara lafiya saboda asalinsa.

Ka fara da shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin ko babban likitan da ke kula da kai. Idan ba a warware ba, ka je ofishin sauraron koke na asibitin. A asibitocin tarayya ana kiransa SERVICOM. Ka riƙe kwanan wata, lokaci, sunan ɗakin da abin da ya faru. Idan lamarin ya shafi ma'aikaci mai lasisi kuma yana da girma, ana iya kai shi ga hukumar da ke kula da sana'arsa. Kai ƙara ba ya hana a ci gaba da yi maka magani, kuma yana kare wanda zai kwanta a gadon bayanka.

Idan kuma ɗalibi ya kyautata maka, ka faɗa masa, ka faɗa wa malaminsa. Irin wannan shaida tana nuna wa sauran ɗalibai halin da ake so su ɗauka.